Kwamfuta ta tashi, intanet ya ƙi shiga: matsalar direban sadarwa a ofisoshi da shagunan Lafiya

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka ciro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato aka mai da Lafiya hedikwatarta, garin ya riƙa tara ma'aikatun gwamnati da bankuna da makarantu, kuma kowannensu ya zo da buƙatarsa ta kwamfuta. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011 ya ƙaro dubban ɗalibai a kan waɗanda ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai I, sannan matakin da hukumar JAMB ta ɗauka a 2015 na mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta ya haifar da cibiyoyin da ake jera na'urori ɗaruruwa a zaure guda. A gefen hanyar Jos da hanyar Makurdi da hanyar Shendam kuwa akwai shagunan buga takardu da yi wa jama'a rajista, waɗanda cinikinsu na yini ya dogara ga kwamfutar tebur guda ɗaya ko biyu. Duk waɗannan wurare suna yawan karo da matsala iri ɗaya, wadda ƙarama ce a wurin masana amma tana iya tsayar da aikin yini sukutum: an sake ɗora wa kwamfuta Windows, ta tashi sumul, allo da linzami da madannai duk suna aiki, amma an soka kebul ɗin sadarwa ta yi biris da shi, kuma duk ƙoƙarin sanya mata direba ya ci tura.

Direba, a fagen kwamfuta, ƙaramar manhaja ce da ke tsayawa tsakanin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, irin su Windows ko Linux, da wani sashe na ƙarfen na'urar, kamar firinta ko katin sauti ko katin sadarwa. Aikinta aikin tafinta ne, domin Windows tana bayar da umarni da yare guda ga kowa, alhali kowane cif, wato ɗan ƙwayar lantarkin da ke yin ainihin aikin, yana da nasa tsarin karɓar umarni gwargwadon yadda kamfanin da ya ƙera shi ya tsara. A kwamfutar tebur, katin sadarwa yawanci ba kati ne mai zaman kansa ba, cif ne da aka liƙa a jikin modabod, babban farantin da sauran sassa ke manne da shi, kuma abin da mai amfani yake gani daga waje shi ne ramin da ake soka kebul a bayan akwatin, mai 'yan fitilu biyu a gefensa. Kamfanoni kaɗan ne ke ƙera mafi yawan waɗannan cif ɗin, cikinsu har da Realtek na Taiwan da Intel da Broadcom na Amurka, ko da kuwa sunan da ke goshin akwatin HP ne ko Dell ko Lenovo. Wannan bambanci tsakanin sunan akwati da sunan cif shi ne tushen rabin ruɗanin da masu gyara ke faɗawa a ciki.

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ake amfani da su a Lafiya na hannu ne, waɗanda aka fi sani da tokumbo, da suka gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka aka shigo da su ta Legas, suka ratsa kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko shagunan Abuja kafin su iso. Ba sa zuwa da faifan direbobinsu na asali, kuma wasunsu an sauya musu modabod a hanya, ta yadda lambar samfurin da ke jikin akwati ba ta dace da abin da ke ciki ba. Idan irin wannan na'ura ta fara nauyi ko ƙwayar cuta ta kama ta, maganin da aka saba gaggawar bayarwa shi ne «a yi mata formatin», wato a goge komai a ɗora Windows sabuwa, kuma a cikin wannan gogewa ne direban da ke aiki lami lafiya yake salwanta. Kowace Windows tana zuwa da tarin direbobin na'urorin da aka sani a lokacin fitowarta, saboda haka Windows 7, wadda ta fito a 2009, ba ta da masaniyar cif ɗin da aka ƙera shekaru bayanta, kamar yadda Windows 10 ta 2015 da Windows 11 ta 2021 suke iya rasa direban cif ɗin da ya tsufa ƙwarai ko wanda ya fi faifan da aka ɗora su daga gare shi sabunta. Da direban sauti ne ya ɓace, da Windows ta shiga intanet ta nemo shi da kanta, amma wanda ya ɓace shi ne wanda ake shiga intanet ɗin da shi.

Fita daga wannan tarko ba shi da wuya. Ana iya sauke direban a wata kwamfuta mai aiki a kwafo shi a filash, ko a haɗa wayar Android da kwamfutar ta kebul ɗin USB a kunna rabon intanet ta kebul daga saitin wayar, domin Windows 10 da 11 galibi suna gane wannan haɗi ba tare da neman ƙarin direba ba, kuma da zarar data ta shiga sai sashen sabuntawa na Windows ya shiga neman abin da ya ɓace. Tambayar da ta fi wuya ita ce wane direba za a sauke, kuma a nan ne ake raba mai gyaran da ya san aikinsa da mai cinke.

Hanya mafi inganci ita ce a tambayi na'urar da kanta. A cikin Windows akwai wani sashe mai suna Device Manager, wanda ke jera dukkan sassan da kwamfuta ta ji motsinsu, kuma katin sadarwar da ba shi da direba yakan bayyana a can da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, ƙarƙashin sunan Ethernet Controller idan na kebul ne, ko Network Controller idan na iska ne. Idan aka buɗe bayanansa aka shiga shafin Details aka zaɓi Hardware Ids, za a ga jerin haruffa da lambobi da suka fara da PCI, inda lambobi huɗun da ke bin VEN suke nuna kamfanin da ya ƙera cif ɗin, huɗun da ke bin DEV kuma suke nuna samfurinsa. Lambar 10EC ta Realtek ce, 8086 ta Intel ce, 14E4 ta Broadcom ce, 168C kuwa ta Atheros ce, kamfanin da Qualcomm ya saye a 2011. Wanda ya ga VEN_10EC tare da DEV_8168 ya san yana gaban dangin RTL8111 da RTL8168 na Realtek, waɗanda suna cikin cif ɗin da suka fi yawa a kwamfutocin tebur na duniya. Wannan lamba daga cikin cif ɗin take fitowa, ba ruwanta da abin da aka rubuta a akwati ko abin da mai sayarwa ya faɗa, kuma da ita Windows take amfani wajen yanke hukuncin karɓar direba ko ƙin sa: kowane ƙunshin direba yana ɗauke da wani fayil mai ƙarewa da INF, wanda a cikinsa aka jera lambobin na'urorin da direban ya sani, kuma idan lambar cif ɗin ba ta cikin jerin, Windows za ta ce ba ta sami direban da ya dace ba ko da an maimaita sau ɗari. Karanta wannan lamba ba ya cin minti biyu, amma abin takaici ne yadda ake tsallake shi a shafe sa'o'i ana gwada direbobi ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an san cif, wurin da ya dace a nufa shi ne shafin kamfanin da ya haɗa kwamfutar, inda Dell ke neman lambar da take kira Service Tag, HP da Lenovo kuma suke neman lambar siriyal, ko kuma shafin kamfanin cif ɗin kai tsaye idan an ga alamar an taɓa sauya modabod. Masu gyara da yawa sun fi son manyan ƙunshin direbobi da ake yawo da su a filash, waɗanda ke duba na'ura su zuba mata komai a tashi ɗaya, kuma ba za a musanta amfaninsu ba a wurin da data ke da tsada kuma kwastoma na tsaye yana jira. Sai dai wasunsu suna cusa manhajojin talla da ba wanda ya nema, wasu suna zaɓar direban da ya yi kusa da daidai amma bai kai ba, kuma filash ɗin da ya zaga kwamfutoci talatin yakan zama shi kansa hanyar yaɗa ƙwayar cuta. Na'urar da ake shigar da bayanan marasa lafiya ko sakamakon jarrabawa ko albashin ma'aikata ba ta cancanci irin wannan kasada ba, ganin cewa direba yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows da cikakken iko. Abin da ya faru a ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama, ya isa ya nuna girman ɓarnar da manhaja mai aiki a wannan mataki ke iya yi, ko da daga hannun ƙwararru ta fito.

Akwai kuma lokacin da direban daidai ne amma ya ƙi shiga, kuma dalilan hakan sanannu ne. Windows 7 da 10 suna da siga biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma direban ɗaya ba ya aiki a ɗayar. Wani lokacin shirin sanyawar da kamfani ya naɗe direban a ciki ne yake ƙin tafiya, saboda bai gane sigar Windows ɗin ba, alhali direban da ke cikinsa yana da kyau. A nan sai a warware ƙunshin a babban fayil, a koma Device Manager, a zaɓi sabunta direba da hannu, a nuna wa Windows wurin da fayil ɗin INF yake. Dalilin da ya fi ɓoyuwa shi ne na sa hannu na dijital, wato hatimin lissafi da ke tabbatar da cewa direban daga kamfanin da ya yi iƙirari ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Tun daga Windows Vista, sigar bit 64 ba ta karɓar direban da ba shi da hatimi, kuma a 2019 Microsoft ta ƙaura daga tsohon tsarin hatimi na SHA-1 zuwa SHA-2, abin da ya sa Windows 7 da aka ɗora daga tsohon faifai take kallon sababbin direbobi a matsayin marasa hatimi har sai an fara sanya mata sabuntawar da ke koya mata sabon tsarin, mai lamba KB4474419. Wani abu kuma da ake rainawa shi ne ɗan batirin modabod mai faɗin kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin na'ura idan an kashe wuta: a tsofaffin kwamfutoci yakan mutu, kwanan wata ya koma baya da shekaru, daga nan shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗewa, sabuntawa ta ƙi sauka, mai gyara kuma ya ɗora laifin a kan direba.

Device Manager ba ya barin mutum cikin duhu, domin yana bayar da lambar kuskure ga kowace na'ura mai matsala. Lamba 28 tana nufin babu direba sam, 22 tana nufin an kashe na'urar ne da gangan daga cikin Windows, 52 tana nufin an kasa tantance hatimin, 31 tana nufin akwai direba amma Windows ta kasa loda shi, 10 kuwa tana nufin na'urar ta kasa tashi, wanda yana iya zama direban da bai dace ba ko cif ɗin da ya fara lalacewa. Lambobin 10 da 31 sukan biyo bayan gwaje-gwaje barkatai, inda ragowar direbobin da aka jarraba suke cin karo da juna, kuma maganinsu shi ne a cire na'urar daga jerin tare da zaɓar goge direbanta, a sake kunna kwamfutar, sannan a sanya na gaskiya shi kaɗai. Ya kamata a lura cewa tun daga Windows 8, kashe kwamfuta a kunna ba daidai yake da umarnin Restart ba, saboda tsarin tashin gaggawa yana adana halin da direbobi suke ciki ya dawo da shi yadda yake, har da kuskurensa. Manhajojin rigakafin ƙwayar cuta da na VPN su ma suna saƙa nasu matatun a cikin sashen sadarwa, kuma idan an cire su ba da kyau ba sukan toshe hanyar sabon direba. Windows 10 da 11 suna da umarnin Network reset da ke share wannan sashe ya sake gina shi. Mai son ganin ainihin inda sanyawar ta karye zai iya buɗe fayil ɗin setupapi.dev.log da ke cikin babban fayil na INF a ƙarƙashin Windows, inda ake rubuta kowane mataki da sakamakonsa.

Idan kuwa katin bai bayyana a Device Manager ba kwata-kwata, ko da alamar ruwan ɗorawa, to batun ya fita daga hannun direba, domin ba a sanya direba ga abin da kwamfuta ba ta ji ba. Wajibi ne a fara duba BIOS, ƙaramar manhajar da ke tashi kafin Windows, ko an kashe katin daga can. Wani lokacin kuma cif ɗin yakan maƙale a yanayin barci bayan ɗaukewar wuta kwatsam, kuma zare filogin daga bango tare da danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci yana farkar da shi. Amma a gari kamar Lafiya, inda damina ke zuwa da tsawa mai ƙarfi kuma ake yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, dole a sa yiwuwar ƙonewa a lissafi, musamman inda aka ja kebul ta waje daga gini zuwa gini, domin kebul ɗin tagulla yana kwaso ƙarfin tsawa ya kai shi kai tsaye ga cif. Gwaji mafi tsabta shi ne a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu ko wata sigar Linux ba tare da an ɗora ta ba, tun da Linux tana zuwa da direbobin mafi yawan katunan kebul a cikinta: idan katin ya yi aiki a can, laifin na Windows ne, idan kuma Linux ma ba ta gan shi ba, kusan tabbas ya mutu. Mutuwarsa ba ta nufin a jefar da modabod, domin katin sadarwa da ake sokawa a ramin PCIe ko adaftar USB mai ramin kebul suna maye gurbinsa da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da sabon faranti.

Akasin haka ma yana faruwa, inda direba ya zauna daram amma babu sadarwa, ana ta cire shi ana mayarwa a banza. Adireshin IP da ya fara da 169.254 alama ce cewa katin yana aiki amma bai sami rauta, wato na'urar da ke rarraba sadarwa, ko saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da za ta ba shi adireshi ba, don haka Windows ta ƙirƙira wa kanta ɗaya, kuma abin dubawa a nan shi ne kebul da suwic da rauta. Kebul ɗin Ethernet yana da wayoyi takwas a tagwaye huɗu, gudun megabit 100 yana amfani da tagwaye biyu, na gigabit yana buƙatar dukkan huɗun, kuma tsawonsa bai kamata ya wuce mita 100 ba. Kan da aka matse ba daidai ba, ko ƙurar hunturu da ta taru a rami, ko ɓera da ya ci waya guda, kowannensu yana iya rage gudu ko yanke haɗin gaba ɗaya.

Cibiyoyin jarrabawa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin a can kwamfutocin ɗalibai suna haɗe ne da saba ta kebul, kuma na'urar da katinta ya ƙi aiki da safiyar jarrabawa kujerar ɗalibi guda ce ta tafi. Don saurin aiki, masu kula da cibiyoyi sukan shirya kwamfuta ɗaya su kwafi hoton faifanta zuwa sauran, dabarar da ke tafiya daidai idan duk na'urorin iri ɗaya ne, amma wanda ya tara su daga dillalai daban-daban zai tarar wasu Intel ne wasu Realtek, hoton kuma direban guda ya ɗauko. Akwai kuma tuntuɓen da ke jiran wanda ya so mai da kwamfutar tebur saba: wasu cif ɗin Intel da aka yi don na'urorin gida, irin su I219-V, fayil ɗinsu na INF bai lissafa Windows Server ba, saboda haka direban yakan ƙi shiga duk da cewa cif ɗin ƙalau yake, kuma sayen katin da aka yi don saba ya fi aminci a kan yi wa fayil ɗin kwaskwarima, wadda ke karya hatiminsa.

Lokaci ma yana ƙara tsananta lamarin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, ta kuma sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari, alhali Windows 11 tana buƙatar cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, sharuɗɗan da tokumbo masu yawa ba su cika ba. Sigar Home ta Windows 11 kuma tana neman haɗin intanet tun ana cikin ɗora ta, ta yadda na'urar da ba ta da direban sadarwa take iya tsayawa a tsakiyar hanya tun kafin ta kai ga buɗe allo. Kamfanoni kuwa a hankali suke janye direbobin tsofaffin samfura daga shafukansu, abin da ke nufin direban da ke aiki yau a cikin tsohuwar kwamfuta wataƙila shi ne kwafi mafi sauƙin samu da ya rage wa mai ita. Windows 10 da 11 suna da kayan aiki na ciki, pnputil da DISM, waɗanda ke kwafe dukkan direbobin da aka ƙara wa na'ura zuwa babban fayil guda da umarnin layi ɗaya, kuma ofishi ko cibiyar da ta ajiye wannan fayil a faifai na dabam, tare da takardar da aka rubuta lambar VEN da DEV ta kowace kwamfuta, za ta iya mayar da katin sadarwa bakin aiki bayan formatin ta hanyar nuna wa Device Manager wurin fayil ɗin, ba tare da ta nemi data ko ta tura wani Abuja ba.